Jinjina ga Mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya

Duk wanda ya tsaya a kan iyakar Jibiya ya dubi hanyar Maraɗi, filin daga na jiya yake kallo. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar da aka kora a can ƙetare ya kafu, dawakin Maraɗi suka yi ta kai hari kudu. Turawan Ingila da Faransa kuma suka zo suka tsaga ƙasar da alƙalami a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906.

Irin wannan tarihi sai da mai riƙo. Ƙungiyar da Kenneth Dike da abokansa suka kafa a 1955 ta fara fitar da mujallarta a 1956, tun Bature yana mulki. Ba ta sojoji ba ce zalla, amma yaƙi bai taɓa barin shafukanta ba. A cikinta Abdullahi Smith ya ja kunnen masana a 1961 cewa sun yi sakaci da jihadin ƙarni na 19. A cikinta R. A. Adeleye ya bi diddigin tawayen Satiru na 1906 da ramuwar gayyar da ta biyo baya. Aiki ne na haƙuri, ba ganga ba tambari, kuɗin bugu ma da ƙyar.

Yau da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Jibiya, masu tsara tsaro na buƙatar sanin yadda aka yi yaƙi da sulhu a wannan ƙasa. Ɗaliban Zariya da Katsina, ku nemi tsofaffin fitowarta ku karanta.