Hoton Titi Daga Sama Ya Isa Haka

Tun da ƙananan jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi suka yi araha, matasanmu masu kyamara suka koma sama. Leƙa Facebook ko Instagram ka gani: titin Kano zuwa Zariya ya miƙe baƙi wuluk tsakanin gonakin shinkafar Kura, hazon hunturu ya rufe nesa. Da kyau kam, ba musu. Amma duk kusan iri ɗaya ne, kuma sun fi kama da hoton da ɗan kwangila ke haɗawa da takardar neman biyansa. Kwalta ake nunawa, ba mutanen da ke cin abinci a bakinta ba.

Mai son hoton hanya ya sauka a Kwanar Gafan lokacin tumatir. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a shekarun 1970, shi ke raya noman ranin Kadawa, amfanin kuwa a nan yake fitowa bakin titi. Kwanduna jere an rufe bakinsu da takarda an ɗaure, 'yan dako na cicciɓa su hau tirela mai zuwa Legas, dillali da manomi sun sa hannu a riga ana ciniki. Gefe ga mai faci ya tsoma tayar babur cikin baƙin ruwa yana neman inda take yoyo, karen mota ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motar ubangidansa yana rama barci. Jirgi ba ya ganin wannan. Daga sama, kwandunan ɗigo-ɗigo ne kawai.

Na san dalilin gudun ƙasa. A sama ba mai tambayarka wane ne kai, a ƙasa kuwa sai ka yi sallama, ka gaisa da sarkin tasha, wataƙila ka sayi rake. Wani ma ya ce bai yarda ba, kuma haƙƙinsa ne, balle 'yan mata masu talla da wasu ke ɗauka a sace ta tagar mota.

Abin da ya fi damuna tsofaffin motocin nan ne masu bodin katako, da zanen zaki ko ɗawisu a ƙofar baya, da karin magana a goshi. Sababbin motocin Sin na maye gurbinsu, masu zanen kuma suna tsufa. A Mararrabar Jos da Tafa har yanzu akan ga ɗaiɗaikunsu an faka, direbobin kuma in ka fara da gaisuwa, da yawansu su da kansu za su goge maka zanen kafin ka ɗauka.