Ɗab'in ƴan makaranta a intanet: wa ke gyara, wa ke karantawa?

A shekarar 2014 wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe shirin African Storybook. Manufarsa ita ce a tara ƙananan littattafan hikaya masu hotuna cikin harsunan Afirka, a sa su a intanet, kowa ya karanta, ya fassara, ya sake fasali, ko ya buga a takarda ba tare da biyan kuɗi ba. Hausa na cikin harsunan. Abin da ya fi jan hankalin malami shi ne manhajarsu ta waya, wadda ake rubuta labari da ita a haɗa shi da zane ko da babu rezo, sai ranar da aka samu a tura. Ga garuruwa irin su Badar Gula, a arewacin jihar Maraɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin littafin Hausa na yara ba abin da ake tsinta a kasuwar mako ba ne.

Sai dai tunanin ba sabo ba ne. A 1924, a ƙauyen Bar-sur-Loup na kudancin Faransa, Célestin Freinet ya shigar da ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa. Yara su rubuta abin da suka ga dama, kowa ya karanta nasa, aji ya zaɓi guda, a rubuta shi a allo, a gyara shi jimla bayan jimla, sannan a jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka sai a aika wa wani aji can yankin Bretagne, wanda shi ma zai maido da nasa. Abu biyu ne suka riƙe wannan aiki: wahalar jera baƙaƙe, wadda ta tilasta wa yaro ya auna kowace kalma, da kuma mai karatu sananne da ke jiran saƙo. Intanet ta kawar da wahalar, ta kuma mai da mai karatun kowa da kowa, wato babu kowa. Ɗalibi ya danna waya, labarinsa ya hau, ya zauna cikin dubbai, ba wanda zai ce masa ga inda ka yi kyau, ga inda ka ɓata.

Shirin kansa ya san da wannan rami, shi ya sa ya bambanta littattafan da ma'aikatansa suka duba da waɗanda jama'a suka saka kai tsaye. Amma dubawar da ake yi daga nesa ba za ta warware matsalar da ta fi damunmu ba, wato wace Hausa za a rubuta. Yaron ƙasar Dakwaro yana cewa munka tahi, sunka zo, hwarin sa, ɗiyata. Littafi yana cewa muka tafi, suka zo, farin sa, ƴata. Idan malami ya goge duka ya maye da Hausar Kano, ya kashe muryar yaron, kuma ya koya masa cewa bakin uwarsa kuskure ne. Idan ya bari yadda yake, ya bar shi bai san daidaitacciyar ƙa'ida ba, wadda da ita ce zai karanta Abubakar Imam, da ita ce kuma za a karanta shi a Zariya da Kumasi. A ganina hanya ita ce a raba aiki: bayanin mai ba da labari ya bi ƙa'ida, maganar mutanen cikin labari ta fito yadda suke furta ta. Wannan darasin adabi ne cikakke, kuma ya fi awa guda ta nahawu amfani.

Akwai kuma zancen baƙaƙe masu lanƙwasa. Dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, amma yawancin masu rubutu a waya ba sa neman su, sai ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Wanda ya leƙa littattafan soyayya da ake yaɗawa ta WhatsApp da Wattpad ya ga inda sakacin yake kaiwa. Makaranta ba ta da uzurin bin wannan sahu, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Aibi na biyu na shirin yana cikin alherinsa. Da yake fassara ta fi ƙirƙira sauƙi, labarai da yawa na Hausa an juyo su ne daga na wasu ƙasashe, da hotunansu na tsaunuka da gonakin ayaba. Ba laifi yaro ya ga duniya. Amma ɗalibin da ya tashi kusa da kwarin Tarka, inda gona da makiyaya suke gogayya tun kafin dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, yana da abin faɗa da ba a rubuta ba: layin rijiya da rani, burtali, ranar da aka saki gonaki, raƙuman dawa da aka mayar dajin Gadabeji a 2018. A ajinsa akwai mai Fulatanci da mai Tamajak. Labari guda zai iya fita da harsuna uku, da Faransanci na huɗu, kuma shirin ya ba da damar haka.

Littattafan African Storybook na masu koyon karatu ne, jimlolinsu gajeru. Wasu abokan aiki suna ganin wannan ya yi wa ɗan kwaleji ƙanƙanta. Ni kuwa a nan nake ganin an dawo da mai karatun Freinet. A ce wa ɗan aji uku ya rubuta wa ƙanensa na ajin farko na firamare shafi goma, a buga a takarda, a kai makarantar da ke bayan katanga, ya tsaya ya ji yaron yana haɗa baƙi. Inda yaron ya yi tuntuɓe, nan marubucin zai koma ya gyara. Bayan haka ne za a tura, da sunan aji ko sunan farko kawai, ba da hoton yaro ba, kuma da sanin iyaye, domin lasisin shirin ya halatta wa kowa ya kwafa, abin da aka kwafa kuwa ba a iya janye shi.