Linux zai ceci tsohuwar laftof, in ji su. Katin NVIDIA fa?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018. Kan haka ne masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja suka tada gangamin End of 10. Saƙonsu gajere ne: kar ka jefar da kwamfutarka, sa mata Linux, muddin bayan 2010 aka saye ta da wuya ta ƙi aiki. Ni ma da Linux nake aikin bincikena, kuma ina ganin galibin maganar gaskiya ce. Sai dai akwai rami a cikinta, kuma mu da ke sayen tokumbo a shagunan Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha mu ne muka fi kusa da faɗawa ciki.

Ramin shi ne katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da kake gani a allo. Kowane kati yana buƙatar direba, ƙaramar manhajar da ke yi masa tafinta da zuciyar Linux, wadda ake kira kanel. Direbobin Intel da na AMD a buɗe suke, a cikin kanel ɗin suke zaune, ana gyara su tare da shi. Laftof mai Intel kaɗai, ko ta shekara goma sha biyu ce, yawanci kana sa Ubuntu ko Mint ta tashi lafiya lau. Idan irinta gare ka, gangamin bai yi maka ƙarya ba.

NVIDIA kuwa shekara da shekaru a rufe ya riƙe nasa direban. Kanel bai yi wa direban waje alƙawarin cewa ƙofofin cikinsa za su tsaya yadda suke ba, saboda haka duk lokacin da aka sabunta shi sai an sake ɗinka direban ya dace da sabon. Wani tsari mai suna DKMS ke yin ɗinkin a ɓoye. In ya yi, ba za ka ma san an yi ba. In ya ƙi, sai ka kunna na'ura da safe ka tarar da baƙin allo da ɗan ɗigon fari yana ƙyaftawa a kusurwa. Ba banza ba Linus Torvalds, a Jami'ar Aalto ta Finland a 2012, ya ce NVIDIA ne kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, har ya nuna musu yatsa a gaban kyamara.

To, wa ke ci gaba da gyara direban idan kati ya tsufa? Nan ne gizo ke saƙar. Direba mai lamba 390, wanda ke riƙe da katunan zamanin Fermi, an daina kula da shi a ƙarshen 2022, kuma Ubuntu 24.04 ba ta zo da shi ba. Mai lamba 470, na zamanin Kepler, ya bi sahu a 2024. Yanzu duba abin da ke kan kanta a kasuwa: ThinkPad T430 mai NVS 5400M da Latitude E6430 mai NVS 5200M duk Fermi ne, Precision M4800 da ZBook 15 ta farko masu Quadro K1100M kuma Kepler ne. Dukkansu bayan 2010 aka yi su. Kuma su ne ɗalibin safiyo ko na zanen gini a harabar Kadpoly ta Barnawa zai ƙara kuɗi ya saya, don an ce masa “tana da girafik”. Wato abin da ya biya ƙarin kuɗi a kansa shi ne zai hana shi barci.

Za a ce ai akwai Nouveau, buɗaɗɗen direban da masu sa kai suka gina ta hanyar lalubo yadda katunan ke aiki, wanda ya shiga kanel tun 2010. Aiki ne na a yaba, amma hannunsu a ɗaure yake. Daga jerin GTX 900 zuwa 1000, kati ba ya sakin cikakken gudunsa sai da manhajar ciki mai sa hannun NVIDIA, don haka a ƙarƙashin Nouveau yana tafiya ne kamar motar da ta maƙale a giya ɗaya. Za a kuma ce NVIDIA ya buɗe direbansa na kanel a watan Mayun 2022. Haka ne, amma daga zamanin Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20. An buɗe ƙofa ga wanda ke da kuɗin sabon kati.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba kamfanin ba ne, shawarwarin da ake bai wa wanda ya maƙale ne. Ta farko ita ce ya rubuta nomodeset a wajen tashi. Allon zai dawo, gaskiya ne, domin kalmar tana hana kanel ɗora direban hoto ne gaba ɗaya. Sandar guragu ce ta shiga ciki a yi gyara, amma sai a bar mutum yana dogara ta wata da watanni, hoto a miƙe, hasken allo ba ya raguwa, bidiyo yana tsalle. Ta biyu ita ce “gwada wani Linux ɗin”. Mai wannan shawara bai san kuɗin data ba. Gigabait huɗu ko biyar za ka sauke, ka iske kanel iri ɗaya da matsala iri ɗaya, an canza hoton bango kawai. Ga kuma shuɗin allon nan na MOK da ke fitowa sau ɗaya bayan sa direba a na'ura mai Secure Boot. Ba wanda ke bayanin cewa in ka tsallake shi direban ba zai ɗoru ba, sai mutum ya ɗauka katin ne ya mutu.

Akwai kuma wani abu da masu rubutu daga Jamus ba za su tuna da shi ba, kuma ban ga laifinsu ba: ba kowane daskarewa ne laifin manhaja ba. Na'urar da ta sha ƙurar hunturu shekara uku ba a buɗe fankarta ba, man da ke tsakanin kati da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, batir ya mutu, caja ba tata ba ce, ga zafin Maris da Afrilu, ga wutar janareta tana hawa da sauka, wannan ko Windows ce a kanta za ta ɗauke. Linux yana ajiye labarin abin da ya faru. Rubuta journalctl -k -b -1 ka ga abin da kanel ya faɗa kafin mutuwar da ta gabata. In ka ga Xid 79, inda yake cewa katin ya ɓace daga layin da ke haɗa shi da sauran na'ura, fara da zafi da wuta. Kai ta wajen mai gyara ya hure ƙura ya sa sabon mai kafin ka taɓa direba.

Me ya rage wa mai tsohon NVIDIA? A ganina, ya kashe shi. Yawancin laftof ɗin nan kati biyu gare su, ƙaramin Intel da babban NVIDIA, tsarin da ake kira Optimus. A ThinkPad ana iya zaɓar Intel kaɗai daga BIOS. A Ubuntu, inda direban ke nan, prime-select intel yana yin aikin. Na'urar za ta yi sanyi, batir ya ƙara jimawa, QGIS da R da Python kuma ba za su ji a jikinsu ba. Mai fatan koyar da ƙirƙirarriyar basira da Quadro ɗin ma bai yi asarar komai ba, tunda CUDA 12 ta yar da Kepler tun 2022. Abin lura ɗaya, a wasu na'urori ramin haɗa majigi ta NVIDIA yake bi, don haka a gwada kafin ranar kare kundi, ba a gaban malamai ba.

Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya tafi shago da filasha mai Linux a aljihu. Ya roƙi mai shago ya bari a tada na'urar daga filashar, ba sai an goge komai ba, ya rubuta lspci ya karanta sunan katin da idonsa. In mai shago ya ƙi, akwai shago na gaba.