Wasan Tuna Yaƙi: Ina Labarin Waɗanda Aka Bari a Gida?

A bikin ƙarshen shekara na wata makarantar sakandare a nan Gusau, ɗalibai sun gabatar da wasan kwaikwayo a kan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Muna cikin malaman da suka duba rubutun kafin a hau dandali, saboda haka duk laifin da za mu ambata a nan, da namu kason a ciki.

Zubin wasan mai sauƙi ne. An ɗauki wani saurayi soja, an kai shi Bama, ya yi jaruntaka, ya dawo da lambar yabo a ƙirji. Yara sun yi ƙoƙari ƙwarai. An ɗinka gajeren wando na kaki, an sassaƙa bindigogin katako, saje yana ta tsawa da gurɓataccen Turanci, 'yan kallo kuwa har da masu riƙe ciki don dariya. Tarihin ma bai kauce ba, domin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Bama tsakanin 1943 da 1945, kuma Hausawa da yawa na ciki.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce uwar tauraron. Sau biyu kacal ta fito: ran tafiya tana kuka, ran dawowa tana guɗa. Shekarun da ke tsakani, me ta ci? Wa ya nome mata gona? Wa ya biya harajin gidan? Wasan bai ce uffan ba, mu ma da muka duba shi ba mu tambaya ba.

Wannan gajartawa ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Ingila akwai al'adar da jama'a kan taru a wuraren shaƙatawa na karkara ranakun Asabar da Lahadi, su sa tufafin shekarun 1940, su fito da tsofaffin motoci, su yi rawar zamanin, su nuna katin rabon abinci da aka soma aiki da shi a 1940, ba a daina ba sai 1954. Masu sukar abin a can suna cewa an mai da wahala abin nishaɗi, an tuna da kiɗa an manta da gawa. Sukar tana da ƙarfi. Amma ko ba komai sun yarda cewa matar da ta bi layin abinci ita ma ta yi yaƙi. Mu ko wannan matakin ba mu kai ba. Ranar 15 ga Janairu mukan tuna da 'yan mazan jiya da fareti da furanni, hawan salla kuma yakan nuna mana lifidi da sulke da masu na yaƙe-yaƙen da. Duk labarin wanda ya fita ne, babu na wanda ya zauna.

Alhali kuwa abin rubutawa jibge yake. Bayan Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora aikin tilas a ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutane kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, abin da talakawa suka kira diban gwamna. Sanyi da cuta da ƙarancin abinci sun kashe da dama. Gishiri ya yi wuya, yadi ya yi tsada, ana matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa, jirgin ƙasa da ya riga ya iso Gusau yana kwashewa. Bugu da ƙari, a 1942 aka yi yunwar da mutanen ƙasar Katsina suka raɗa wa suna 'Yar Gusau. Mai karatu, dubi wannan: yunwa ta ɗauki sunan garinmu, amma ɗalibin da aka haifa a garin bai taɓa jin ta a aji ba, balle a dandali.

Kada a ce adabinmu bai iya wannan aiki ba. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, abin da ya fi tsaya wa mai karatu a rai shi ne uwar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara. Marubucin ya gane cewa nauyin bala'i a kan wanda aka bari yake sauka. Ta fuskar fagen fama kuwa, Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya ba mu Burma Boy a 2007, da Turanci. Ɓangaren gida shi ke jiran alƙalami, kuma da Hausa ya kamata a rubuta shi, tun da da Hausa aka sha wahalar.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan magana da zafi shi ne yarinyar da ta fito a matsayin uwar. Iyayenta sun baro ƙauyensu a ƙasar Tsafe saboda 'yan bindiga, suna zaune a ɗakin aro a nan Damba. Ta san yadda ake auna tiya ɗaya ta kai kwana uku, ta san kwanan zullumi. Mun ba ta layi biyu, muka ce ta yi kuka ta koma bayan labule. Da mun tambaye ta, da ita ta rubuta mana fitowar da ta ɓace.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Haka ne, amma in ado kaɗai aka waiwaya aka gani, ba a koyi komai ba. Nan da shekara 50 jikokinmu za su yi wasa a kan wannan zamani na Tsafe da Bunguɗu. In mun bar musu wannan salo, babura da bindigogi za su kwaikwaya, a yi dariya a watse, matan da suka riƙe gidaje su tashi da layi biyu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman malaman Hausa: tsofaffin da suka ji labarin diban gwamna daga bakin iyayensu suna nan, amma kullum raguwa suke yi. A je da littafi da biro a zauna da su. Mu dai mun ɗauki alkawarin sake rubuta wasan nan baɗi, kuma daga bakin rumbu za a buɗe labule. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.