Core i9 ko Ryzen 9: zaɓen furosesa inda wutar lantarki ke da tsada

Yankin arewacin jihar Kano, daga Dawakin Tofa da Minjibir har zuwa Bichi da Dambatta, yana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma, kuma tun shekarun 1960 da masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinsa aka san shi da ƙananan gonaki da ake nomawa kowace damina ba tare da an bar saura ba. Inda jama'a suka yi yawa haka, biki da suna da saukar karatu da taron siyasa ba sa yankewa, saboda haka sana'o'in da ke bin waɗannan taruka, wato ɗaukar bidiyo da tace shi, da tsara katin gayyata da fasta, da naɗar waƙa a situdiyo, sun samu gindin zama a garuruwan yankin, ba sai an shiga birni ba. Babban jarin waɗannan sana'o'i shi ne kwamfutar tebur, kuma a cikinta abin da aka fi gardama a kansa shi ne furosesa, ɗan guntun nan na silikon da bai kai tafin hannu ba, wanda ke yin lissafin duk aikin da aka ba na'urar. Yayin da ake yi yanzu shi ne matashin da ya tara ɗan jari ya ɗora ido a kan furosesar da ta fi kowace ƙarfi, ya tsaya yana auna Core i9 ta kamfanin Intel da Ryzen 9 ta kamfanin AMD, bisa alƙaluman da masu gwaji na Amurka da Turai ke nunawa a YouTube. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, sai dai an tattara su a ɗakuna masu sanyi inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma da zarar an sa kuɗin wuta da zafin bazara a cikin lissafin, jerin gwanayen yakan juye.

A kan takarda tazarar da ke tsakanin manyan biyun ba ta da yawa. Core i9-14900K, wadda ta fito a watan Oktoban 2023 a kan dala 589, tana da cibiyoyi 24, wato ƙananan injinan lissafi da ke raba aiki a tsakaninsu, 8 daga ciki masu ƙarfi ne, 16 kuma masu tsimin wuta, kuma mafi saurinsu na iya bugawa sau biliyan 6 a daƙiƙa guda. Ryzen 9 7950X ta watan Satumban 2022 tana da cibiyoyi 16 duk iri ɗaya, haka ma 9950X da ta gaje ta a watan Agustan 2024 a kan dala 649. A wajen haɗa bidiyo da sauran ayyuka masu nauyi, wannan ta wuce a wata manhaja, waccan ta rama a wata. Akwai kuma jerin X3D na AMD, irin su 7800X3D da 9800X3D, waɗanda aka ƙara wa ma'ajiya ta kusa domin wasannin kwamfuta, kuma su ne suka fi shan yabo a waje, amma gidajen gem na wannan yanki da PlayStation suke aiki, don haka wannan ba hurumin mai sana'a ba ne.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda masu talla suka fi rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Intel da kansa ya bayyana cewa 14900K tana jan wat 253 idan ta ɗauki cikakken kaya, ita kuwa 7950X iyakarta ta kai wajen wat 230. Idan aka ƙara katin hoto mai jan wat 200, wanda da wuya mai irin wannan furosesa ya rasa, sannan allon kallo da fankoki, na'urar tana tasam ma wat 500 ko fiye lokacin fitar da bidiyo. Batirin inbata na dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da kilowat-awa 2.4 a rubuce, kuma rabin wannan ne kawai ake iya sha ba tare da an gajarta rayuwarsa ba, ke nan irin wannan na'ura za ta shanye shi cikin awa biyu da ɗan doriya, kafin a cire abin da inbatar ke ci. Kwamfutar da aka gina a kan furosesa mai lambar wat 65, wadda gaba ɗayanta ke jan kimanin wat 150, za ta kai kusan awa takwas a kan batirin nan guda. Lamarin kamar sayen doki ne, kuɗin da aka biya a kasuwa shi ne mai sauƙi, harawa da dusar kowace rana su ne ke nuna ko mutum ya isa riƙe shi.

Harawar kuwa ta yi tsada tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, domin litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wutar gwamnati ma ba mafita ba ce ga mafi yawan ƙauyuka, tun da rukunin A, wanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana kuma aka mayar da kuɗinsa naira 225 kan kowane kilowat-awa a watan Afrilun 2024, akasarinsa unguwannin birni ne da wuraren masana'antu, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar an ga yadda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Mai shago a Bichi ko Dambatta da janareta ko sola yake aiki, saboda haka kowane wat 100 da ya ƙara a kan tebur yana nufin ƙarin faranti a kan rufi da ƙarin batiri a ƙarƙashin benci. Faɗuwar naira ta ƙara wa lissafin nauyi: dalar da hukuma ke sayarwa kimanin naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, wanda ke nufin furosesar dala 589 ta haura naira 880,000 kafin kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa.

Sai batun zafi, wanda ya fi kowane a bayyane amma aka fi mantawa da shi. Duk wutar da furosesa ta ja zafi take komawa, kuma aikin na'urar sanyaya shi ne ta kwashe zafin ta zuba shi cikin iskar ɗaki, don haka idan iskar kanta ta kai digiri 40, kamar yadda takan yi a watan Afrilu a shago mai rufin kwano, abin da za ta iya kwasa ya ragu ƙwarai. An ƙera 14900K ta rage gudunta da kanta idan ta kai digiri 100, 7950X kuma a digiri 95, kuma masu gwaji sun sha nuna ta farkon tana taɓa wannan iyaka ko a ɗaki mai sanyi, da babbar na'urar sanyaya mai ruwa a kanta. Wanda ya taɓa buɗe murfin kwamfuta a ƙarshen hunturu ya san abin da ake tararwa: ƙura mai laushi ta cike tsakanin siraran ƙarafan sanyaya ta zama tamkar ƙyalle, fankar na juyawa da ƙara amma iska ba ta ratsawa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya tsattsage. A wannan hali mai i9 ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba, kuma idan famfon na'urar ruwan ya mutu sai an nemo madadinsa daga birni, alhali fanka da ƙarfe kowane mai gyara na iya hurawa ya mayar.

Akwai kuma abin da ya samu manyan furosesa na Intel na ƙarni na 13 da na 14, har da 14900K, wanda kamfanin ya amsa a watan Yulin 2024: ƙarfin lantarkin da suke nema ya wuce kima, abin da ke sa wasunsu lalacewa sannu a hankali har kwamfuta ta riƙa tsayawa tsakiyar aiki. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tada na'ura kafin Windows, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Wannan magani ne ga wanda ya saya da rasit a ƙasar da kamfanin ke karɓar kaya, amma kayan da suka biyo ta Dubai ko Sin ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja kafin su iso Kano da wuya su sami hanyar komawa, gyaran kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta illata, sannan shi kansa sabunta BIOS ɗin yana da haɗari idan wuta ta ɗauke ana tsaka da yi. Don haka i9 ko i7 ta hannu daga waɗannan ƙarnuka biyu, komai arharta, saye ne a rufe. Core Ultra 9 285K, wadda ta fito a watan Oktoban 2024, ta rage cin wuta a yawancin ayyuka kuma ba ta cikin waɗanda matsalar ta shafa, sai dai ta zo da sabon gurbi.

Gurbi shi ne mazaunin furosesa a kan madabod, babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta, kuma a nan ne AMD ta fi kyautata wa mai ƙaramin jari. Gurbinta na AM4 ya fito a 2016, an kuma ci gaba da yi masa sababbin furosesa har bayan 2022, ta yadda wanda ya fara da ƙaramar Ryzen zai iya, a kan allo da yawa, ya ɗora Ryzen 9 5900X mai cibiyoyi 12 ko 5950X mai 16 ba tare da ya sauya allo ko ma'ajiyar RAM ba. Game da AM5 na yanzu, kamfanin ya yi alƙawarin riƙe shi har 2027 ko fiye. Intel kuwa ya bar LGA1700, wanda ya fito a 2021, ya koma LGA1851. Sana'ar da kuɗinta ke shigowa da kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona aka shiga ɗaurin aure, ko da kakar zaɓe, ta fi dacewa da na'urar da ake ginawa kaɗan-kaɗan.

Ba a nan hujjar Intel ta ƙare ba, domin yana da abin da mai tace bidiyo ke buƙata kai tsaye, wato Quick Sync, wani sashe na musamman a cikin furosesar da ke kwance bidiyo ya kuma ɗaure shi da ɗan ƙaramin wuta, kuma manhajar Premiere Pro tana amfani da shi sosai. Abin lura shi ne wannan sashe yana nan a Core i5 kamar yadda yake a i9, kuma ba ya nan a duk wadda lambarta ta ƙare da harafin F, abin da mai saye kan gane bayan ya koma gida. Aikin kansa ma bai kai nauyin da ake ɗauka ba: bidiyon kamu da ɗaurin aure yawanci a filashi ake miƙa shi ko ta WhatsApp, a waya kuma ake kallonsa, kuma ko wanda aka ɗauka da 4K ana iya tace shi ta ƙananan kwafi masu sauƙi, a bar babban sai lokacin fitarwa. CorelDraw da Photoshop sun fi amfana da saurin cibiya ɗaya da wadatar RAM fiye da yawan cibiyoyi, cibiyoyin jarrabawar JAMB kuwa, waɗanda suka yawaita tun da hukumar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yawan kujeru da tsayayyiyar wuta suke nema.

A ɗaya gefen kasuwar akwai tarkon suna. Kwamfutocin ofis na hannu irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk su ne suka fi yawa a shagunan yankin, kuma akan yi cinikinsu da cewa wannan i7 ce, ba tare da an ambaci ƙarni ba, alhali Core i7-3770 ta 2012 cibiyoyi 4 gare ta, daidai da Core i3-12100 ta 2022, wadda ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel ko Ryzen 2000 take farawa, lambar da ke bayan i7 ɗin ta fi harafin muhimmanci.

Idan dole sai an zaɓa tsakanin manyan biyun, a wannan yanki Ryzen 9 ce ta fi cancanta, saboda daɗewar gurbinta, da kuma tsarin tsimi da ke cikin BIOS wanda ke saukar da ita zuwa lambar wat 105 ko 65, inda a matakin farko abin da take rasawa na gudu ɗan kaɗan ne a kan wutar da ta rage. Amma wanda ya yi lissafi da kyau zai sauko mataki ɗaya, ya ɗauki irin Ryzen 9 7900 marar harafin X, mai cibiyoyi 12 a lambar wat 65, ko Ryzen 7 5700X a kan AM4, ko Core i5 ta ƙarni na 12 mai Quick Sync idan bidiyo ne abincinsa, ya zuba ragowar kuɗin a RAM da faifan SSD da batirin lityam. Babbar furosesa a cikakken ƙarfinta tana da muhalli a situdiyon Kannywood da ke cikin birni, inda ake fitar da shiri mai dogon zango kowane mako, akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma jinkirin awa ɗaya na iya sa shiri ya rasa lokacinsa a tashar Arewa24 ko a YouTube. Mai tace bidiyon biki a Dambatta yana iya barin ƙaramar na'urarsa tana fitar da aiki da hantsi, lokacin da farantin sola ke kawo wuta kai tsaye, ya tafi ɗaukar wani bikin.