Rawar da Ƙararrawa Ba Ta Iya Takawa

A ƙungiyar masu kaɗa ƙararrawar hannu, irin waɗanda suka yawaita a Ingila da Amurka, babu wanda kiɗan ke hannunsa shi kaɗai. Mutum goma sha wani abu ne ke jeruwa a bayan dogon tebur, kowa da ƙararrawa biyu ko huɗu, kowace kuma sautinta ɗaya tak. Ni da nake rubuta manhaja, abin ya yi mini kama da aiki guda da aka raba wa kwamfutoci da yawa: ɗaya ta makara, duka sun makara.

Shi ya sa nake ganin masu juya kiɗan rawa na gargajiyar Turai zuwa ƙararrawa suna yawan ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu.

Inda abin ya dace, ya dace. A cikin The Nutcracker na Caikofski, wanda aka fara nunawa a Rasha a 1892, akwai rawar wata aljana da ya rubuta wa salesta, wani abin kiɗa mai siffar fiyano da ke bugun sillayen ƙarfe. Ƙarfe ne ya koma ƙarfe. Sautin gajere ne, yana ɗigowa ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa kuwa nan ne gidanta. Na saurara a YouTube har na manta ba don ita aka rubuta ba.

Amma a saurari The Blue Danube na Yohan Sitraus, na 1867. Kiɗan goge ne, mai jan sauti yana kumbura shi. Ƙararrawa kuwa da an buga ta sautinta ya kama hanyar mutuwa. Sai masu tsarawa su ce a riƙa girgiza ta don a cike gurbin, abin ya koma kamar an tashi 'yan makaranta. Babbar asarar ma tana cikin takun. Rawar taku uku ce, kuma makaɗan Viyana sukan ɗan gaggauta na biyu su ja na uku. Wannan 'yar karkatar ce ke ɗaga ƙafar mai rawa. To yaya za a yi da ita alhali takun farko yana hannun wani, na biyu yana hannun wata can ƙarshen tebur? Yawanci sai a daidaita su cif, kamar agogo.

Da ni ne, da na zubar da rabin sautukan, na kwantar da manyan ƙararrawa a kan tebur a riƙa bugunsu da sanda mai taushin kai, mutum ɗaya ya riƙe takun ukun duka.