Gregg Allman shi kaɗai

Duk wanda ya saurari Allman Brothers Band, makaɗan rok na kudancin ƙasar Amurka, ya san ƙarfinsu a taro yake: gita biyu, masu ganga biyu, waƙa guda ta kai minti 20. Cikin wannan cinkoso, muryar Gregg Allman ba ta cika samun fili ba.

A 1971 wansa Duane, jagoran ƙungiyar, ya rasu a hatsarin babur a Macon, jihar Jojiya. A 1973 Gregg ya fitar da faifai nasa na kansa, Laid Back, alhali bai bar ƙungiyar ba. Wani zai ce son kai ne. Ni kam ban yarda ba. Ku saurari "Midnight Rider". A kiɗan ƙungiya, mai gudu ne da ya ƙi kamuwa. A nan an sassauta kiɗan, sai ka ji mutumin ya gaji da gudun. Makoki ne da bai samu damar yi ba cikin taro.

Aibin faifan? Gogen Turawa da aka zuba a wasu waƙoƙi ya yi yawa, har yana danne muryar. Duk da haka ku neme shi, ku saurara da dare.